Rushe Ƙungiya Mai Rajista a Jihar Neja: Wace Kotu, a Wane Gari?

Ƙungiyoyin ci gaban gari, kwamitocin masallatai da majami'u, gidauniyoyin marayu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai sun cika Minna da Bida da Kontagora da Suleja, kuma da yawa cikinsu suna riƙe da satifiket na Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC. Ranar karɓar satifiket kowa murna yake yi, ba mai tambayar yadda za a ƙare. Sai shekaru sun ja, manufa ta cika ko kan shugabanni ya rabu, sannan a kira taro a ce an rufe ƙungiya, a kulle ofis, kowa ya kama gabansa. A idon doka wannan ƙungiya tana nan da ranta. Sashe na 830 na Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, ya ce daga ranar rajista amintattun ƙungiya sun zama jiki guda mai ɗorewa, wanda ke iya mallakar dukiya, ya kai ƙara, a kuma kai shi ƙara, kuma mutuwar wani amintacce ko ficewarsa ba ta kawo ƙarshensa. Abin da doka ta kafa haka, umarnin kotu ne ke warware shi. Ga ƙungiyar da ofishinta da jama'arta ke Jihar Neja, hujja ta fi ƙarfi a kan cewa wurin wannan aiki shi ne Babbar Kotun Tarayya da ke zama a Minna. Amma tambayar gida biyu ce, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai tambayar wace irin kotu ce ke da hurumi, akwai kuma tambayar a wane gari za a shigar da takarda. Kuskure a ta farko yana kashe shari'a ɗungurungum, kuskure a ta biyu yawanci ana iya gyara shi.

Kafin a je ko'ina, a ɗauko satifiket a karanta, domin ba duk abin da mutane ke kira ƙungiya ne ke bin hanya ɗaya ba. Mafi yawan ƙungiyoyin addini da na al'umma an yi musu rajista a matsayin amintattu, a ƙarƙashin Kashi na F na dokar, sassa na 823 zuwa 850, ko kuma a ƙarƙashin Kashi na C na tsohuwar dokar 1990 da ta 2020 ta gada. Wasu 'yan kaɗan, galibi manyan gidauniyoyi da cibiyoyin ilimi, kamfanoni ne da ba na neman riba ba, waɗanda mambobinsu suka ɗauki lamunin biyan wani adadi idan an zo rufewa, bisa sashe na 26, kuma su hanyar rufe kamfani suke bi. Ƙungiyar gama-kai ta manoma ko ta ma'aikata, wadda ta yi rajista da daraktan gama-kai na jiha, wannan ofis ne ke soke rajistarta bisa dokar gama-kai. Ita kuwa ƙungiyar da ba ta taɓa zuwa CAC ba, ko da tana da takardar shaida daga ƙaramar hukuma ko wata ma'aikatar jiha, ba ta da jikin da sashe na 850 zai rushe, sai dai mambobinta su bi tsarin mulkinsu. A kuma kwafi sunan ƙungiya harafi da harafi yadda yake a satifiket. A 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yi watsi da ƙarar farko da Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, ta shigar kan dokar CAMA, saboda sunan da aka kai ƙarar da shi ya saɓa da wanda ke cikin satifiket ɗinta. Abin da ya samu uwa irin wannan ba zai ƙyale kwamitin unguwa ba.

Maganar hurumi a fili take. Sashe na 850 ya ce kotu ce ke rushe ƙungiya mai amintattu, sashe na 868 mai fassara kalmomi ya ce kotun da ake nufi ita ce Babbar Kotun Tarayya, kuma sama da su duka akwai sashe na 251(1)(e) na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya keɓe wa wannan kotu duk shari'ar da ta taso daga aiki da Dokar Kamfanoni. Kotun ta samo asali a 1973 a matsayin kotun harkokin kuɗin shiga na tarayya, aka sauya mata suna a tsarin mulkin 1979, huruminta ya yi ta faɗaɗa har ya kai yadda yake a yau. Saboda haka Babbar Kotun Jihar Neja ba ta da ikon rushe ƙungiya mai rajistar CAC, balle kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci ta unguwa. Tun 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, aka kafa ƙa'idar cewa kotun da ba ta da hurumi duk abin da ta yi aikin banza ne, komai kyan yadda ta gudanar da shi, kuma yardar ɓangarorin biyu ba ta ba ta ikon da ba ta da shi. Ana iya tayar da wannan magana a kowane mataki, har a Kotun Ƙoli. Ke nan ƙungiya tana iya samun umarnin rushewa a kotun jiha, ta miƙa makarantarta ga wata, bayan shekaru wani mamba da bai ji daɗi ba ya ɗaukaka ƙara a wargaza komai.

Wani zai ce ai idan an yi kuskure sai alƙali ya tura fayil kotun da ta dace. Wannan gaskiya ne ta fuska ɗaya kawai. Sashe na 22(2) na Dokar Babbar Kotun Tarayya ya hana alƙalin tarayya korar ƙara don kawai ta fi dacewa da kotun jiha, ya ba shi ikon tura ta can. Ƙaramin sashe na (3) ya yi ƙoƙarin ɗora wa kotunan jihohi irin wannan nauyi, amma a 2006, a shari'ar Fasakin Foods da Shosanya, Kotun Ƙoli ta ce dokar tarayya ba za ta tsara wa babbar kotun jiha yadda za ta tafiyar da aikinta ba, don haka kotun Legas da ba ta da hurumi korar ƙarar ya kamata ta yi. Sai idan dokar jihar da kanta ta ba da ikon turawa. Mai hankali ba zai jingina dukiyar marayu a kan wannan tsammani ba, alhali ƙofar da babu shakka a kanta tana buɗe a gari ɗaya.

Tambaya ta biyu ce ta fi buƙatar tunani, domin sashe na 850 bai ambaci gari ba. A jihohi da dama na Amurka dokar ƙungiyoyin da ba na riba ba ta faɗi ƙarara cewa a shigar da ƙarar rushewa a gundumar da babban ofishin ƙungiya yake. Dokarmu ta yi irin wannan bayani ne ga kamfanoni kawai: sashe na 570 na CAMA ya ce kotun da za ta rufe kamfani ita ce Babbar Kotun Tarayya da ofishin rajista ko hedikwatar kamfanin ke yankinta, kuma ya fassara wannan da wurin da ya fi daɗewa yana ofishin cikin watanni shida kafin shigar da koke. Hikimar watanni shidan ita ce kada wani ya sauya adireshi yau ya kai ƙara gobe a inda yake ganin zai fi samun sauƙi. Gidauniyar da aka yi wa rajista bisa sashe na 26, mai ofishi a Bosso ko Tunga, wannan sashe ya ɗaure ta kai tsaye, Minna za ta je. Ga amintattu kuwa sai a koma ga dokar kotun da ƙa'idojinta. Sashe na 19 na Dokar Babbar Kotun Tarayya ya nuna kotu ɗaya ce mai iko a faɗin ƙasa, Babban Alƙalinta ne ke raba ƙasar zuwa rassa don sauƙin aiki. Oda ta 2 ta ƙa'idojin kotun na 2019 ta tsara inda ake fara ƙara, kuma ga shari'un da ba a yi musu tanadi na musamman ba ma'aunin shi ne inda wanda ake ƙara yake zaune ko yake gudanar da harkarsa, ko inda dalilin ƙarar ya taso. Ƙungiyar da ofishinta da asusunta da filinta da mambobinta ke Neja, duk waɗannan ma'aunai Minna suke nunawa.

Nan ne lauyoyi ke kawo hujjar Abuja, kuma ba hujjar wofi ba ce. Hedikwatar CAC tana Maitama, kuma kusan kowane koke na rushewa sai an sa hukumar a ciki, don haka ana iya cewa wanda ake ƙara yana zaune a Abuja. Ga mutumin Suleja ko Madalla kuma, Abuja ta fi masa kusa da Minna, wadda ke da nisan kusan kilomita 100 daga Suleja a kan hanyar da direbobi suka daɗe suna kuka da ita. Tun da kotun ɗaya ce, shigar da koke a Abuja bai sa shari'a ta zama banza ba, kuma ƙa'idojin sun yarda a ci gaba da ƙarar da aka fara a reshen da bai dace ba muddin kotu ba ta ba da wani umarni ba kuma wanda ake ƙara bai yi jayayya a kan lokaci ba. Duk da haka ina ganin hujjar ba ta kai ba. CAC tana da ofishi a Minna, kuma a irin wannan koke rawar da take takawa ta mai ajiyar rajista ce, ainihin abin da ake shari'a a kansa ita ce ƙungiyar. Sannan sashe na 850 ya wajabta a sanar da duk wanda kotu ta ga rushewar za ta taɓa haƙƙinsa ko muradinsa. Su wane ne waɗannan? Malaman makarantar da ba a biya albashi ba, ɗan kwangilar da ya yi rufin ɗakin taro, dattijon da ya ba da fili, iyayen yara, mambobin da ba su halarci taron ƙarshe ba. Sanarwa ba ta da amfani ga wanda ba zai iya zuwa kotu ya yi magana ba, kuma mutumin Kagara ko Lapai ko Wushishi ya fi iya zuwa Minna. Wanda ya tsallake Minna ya tafi Abuja ko Kaduna da koken rushe ƙungiyar Neja ya ba abokin hamayyarsa makami, domin abu na farko da zai nema shi ne a dawo da fayil gida, watanni su tafi a kan wannan kaɗai, kuma alƙali zai fara tambayar kansa me ake gudu.

Abin da ake dubawa shi ne inda ofishin yake a rajista da kuma a zahiri yanzu, tarihin kafuwa ba ya shiga lissafi. Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi ta Najeriya, FOMWAN, a Minna aka kafa ta a 1985, Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta farko, amma hedikwatarta ta ƙasa tana Abuja. Ita kuwa Islamic Education Trust, wadda Sheikh Ahmed Lemu da abokan aikinsa suka kafa a 1969, a Sakkwato ta fara kafin ta kafa hedikwata a Minna. Ba a kawo su don wani na maganar rushe su ba, sai don a ga yadda mahaifa da mazauni ke rabuwa. Reshen jiha na ƙungiyar ƙasa, idan ba shi da rajistar kansa, ba a kai shi kotu don rushewa, uwar ƙungiya ce ke rufe shi bisa tsarin mulkinta.

Akwai jayayya ta daban da ake ji daga kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya: filin nan wakafi ne, Jihar Neja kuma tana da kotunan shari'ar Musulunci, me ya kai maganar wakafi gaban alƙalin tarayya? Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki lalle ya sa wakafi da kyauta da wasiyya da gadon Musulmi cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ke dubawa. Sai dai tambayar ko wani ya yi wakafi, da sharuɗɗan da ya gindaya, daban take da tambayar ko jikin da CAC ta yi wa rajista zai ci gaba da wanzuwa. Ta farkon tana iya zama a kotun Musulunci, ta biyun ba ta da gida sai kotun tarayya. Haka rikicin mallakar fili: sashe na 39 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya ba babbar kotun jiha hurumi kan filin da ke da takardar mallaka ta gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Adetayo da Ademola a 2010 cewa kotun tarayya ba ta yanke hukunci kan wanda ya mallaki fili. Albashi da haƙƙin sallama na ma'aikata kuma, sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Wannan rarrabuwa tana da wahala ga talaka, ba a musu. Darasin aiki shi ne kada a cusa duk rigingimun ƙungiya cikin koken rushewa. A warware na fili da na ma'aikata tukuna, ta sulhu in ya yiwu, a zo wa alƙalin Minna da abin da ke huruminsa kaɗai. Ko rikicin shugabanci ma, ba kowanne ne ke zama maganar Dokar Kamfanoni ba, alƙali yana duba abin da mai ƙara ya nema a takardarsa ne kafin ya san ko nasa ne.

Masu ikon kai koken huɗu ne: majalisar gudanarwar ƙungiya, ko amintacce ɗaya ko fiye, ko mambobin da suka kai kashi 50 cikin 100 na jimillar mambobi, ko CAC da kanta. Dalilan da doka ta amince da su kuwa su ne manufofin ƙungiya sun cika har babu amfanin barinta, ko wa'adin da aka ɗiba mata ya ƙare, ko duk manufofinta sun zama haramun a doka ko sun saɓa wa maslahar jama'a, ko adalci da dacewa sun buƙaci a rushe ta, ko hukumar ta janye ko ta soke satifiket ɗinta. Na ƙarshen nan dokar 2020 ce ta ƙaro shi. Dalilin adalci da dacewa shi ne mafi faɗi, can ne rabuwar kai da ta gagari gyara ke shiga, amma alƙali zai so ganin shaidar cewa an gwada gyaran. Sharaɗin kashi 50 yana kayar da mutane da yawa, domin ƙungiyoyinmu ba su cika riƙe rajistar mambobi ba, kuma wanda bai san jimilla ba ba zai iya tabbatar da rabi ba. In rajistar ta rikice, ya fi sauƙi majalisar gudanarwa ko amintattu su kai koken. A lura kuma cewa amintacce ɗaya tak yana iya tayar da shari'ar, wanda hakan wani dalili ne na ajiye ta kusa da sauran mambobi domin su samu bakin magana.

Aikin gaske yana farawa tun kafin a ga magatakardar kotu. A kira babban taro bisa yawan kwanakin sanarwa da adadin mahalarta da tsarin mulkin ƙungiya ya tanada, a rubuta abin da aka tattauna, kowa ya sa hannu a takardar halarta. A sa akanta ya binciki asusu, a jera kadarori da basussuka, a daidaita bayanan shekara-shekara da ke CAC, a biya harajin albashin ma'aikata da kuɗin fansho in akwai. A wannan taro ne kuma ake yanke shawara mafi muhimmanci, wato wa zai gaji abin da ya rage. Doka ta hana raba ragowar dukiya tsakanin mambobi ko da sisin kwabo. Dole a miƙa ta ga wata cibiya mai manufa irin ta wadda ake rushewa, wadda ita ma tsarinta ya hana raba dukiya ga mambobinta, kuma mambobi ne ke zaɓen ta kafin rushewa ko a lokacinta. In hakan ya gagara, sai a ba da ita ga wani aikin jinƙai. Mamban da ya shekara ashirin yana biyan kuɗin wata zai ga kamar an zalunce shi, amma abin da ya bayar ya fita daga hannunsa tun ranar da ya bayar, kamar wanda ya haƙa rijiya a bakin hanya ne, ba ya dawowa ya ce a cire masa rabonsa. Wannan ƙa'ida ce ma ta sa aka ɗora aikin a wuyan alƙali maimakon a bar shi ga ƙuri'ar taro. Lauya zai shirya takardar koke da takardar rantsuwa mai tabbatar da ita, ya haɗa kwafin satifiket da tsarin mulki da ƙudurin taro da rahoton akanta da takardar amincewar cibiyar da za ta karɓi dukiyar. Ya sa hannu da sunansa na kansa, domin tun shari'ar Okafor da Nweke a 2007 takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi ba ta da inganci. Idan za a sa CAC a matsayin wadda ake ƙara, a tuna sashe na 17 na CAMA ya buƙaci a ba ta sanarwar kwana 30 kafin shigar da ƙara.

Wasu kan tambaya ko hukumar ba za ta iya gama komai a ofis ba, tun da dokar 2020 ta ƙara mata ƙarfi. Wannan ƙarfi ne ya jawo hayaniya tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa dokar hannu ranar 7 ga Agusta, 2020, musamman sashe na 839 kan dakatar da amintattu da naɗa shugabannin riƙo. A watan Afrilu na 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya soke sassa na 839, da 842 zuwa 848, da 851, kuma dalilinsa kan 851, wanda ya kafa kwamitin sauraron ƙorafi a cikin hukumar, shi ne ya shiga hurumin da tsarin mulki ya keɓe wa kotun. Sashe na 850 ba ya cikin waɗanda aka soke. Lauya mai lura zai duba inda wannan hukunci ya tsaya a kotunan sama kafin ya dogara da shi, amma ko ta wace fuska aka duba, soke satifiket a jerin dalilan kai koke kotu yake, bai maye gurbin koken ba.

Bayan alƙali ya ba da umarni, a karɓi kwafinsa mai hatimin kotu a kai wa CAC domin ta gyara rajistarta, a kai wa banki domin a tura ragowar kuɗi zuwa asusun cibiyar da aka ambata a rufe na ƙungiya, a sanar da hukumar haraji. Fili da gini sun fi ɗaukar lokaci, domin sashe na 22 na Dokar Amfani da Filaye ya buƙaci amincewar gwamna kafin a sauya mai riƙe da takardar mallaka, kuma wannan aiki ta hukumar filaye ta jiha, NIGIS, a Minna ake bin sa. Ya kyautu lauya ya roƙi kotu ta ambaci kowane fili da lambar takardarsa a cikin umarnin, ta kuma faɗi wanda zai sa hannu a takardun miƙawa, domin da zarar an rushe ƙungiya amintattunta ba su da sauran ikon sa hannu da sunanta. Wanda bai gamsu da hukuncin ba, Kotun Ɗaukaka Ƙara reshen Abuja ce ke sauraron ƙararrakin da suka fito daga Jihar Neja, kuma yana da watanni uku daga ranar hukuncin ƙarshe ya shigar da takardarsa.